Wa ke da bakin hirar dare?



A ƙasar Hausa hirar dare ta dandali ce, kuma mai baki ba ya neman izinin kowa. Da hirar ta koma cikin akwatin telebijin sai ta samu maigida. Tambayar wannan zama ita ce: wa ke ɗora mai gabatar da shiri, wa ke sauke shi?

A Amurka ana cewa alƙalumma ne. Kamfanin Nielsen yana ƙidayar 'yan kallo, masu talla su biya gwargwadon yawansu. To amma a watan Yuli na 2025 tashar CBS ta bayyana cewa za ta rufe shirin Stephen Colbert a watan Mayu na 2026, alhali shi ke kan gaba a sa'arsa. Tashar ta ce matsalar kuɗi ce kawai. Sai dai kwanaki kaɗan kafin nan Colbert ya caccaki uwar kamfanin, Paramount, saboda dala miliyan 16 da ta yarda ta biya don sasantawa da shugaba Trump. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Nijar ma ta san wannan hanya. Shekara da shekaru Télé Sahel ce kaɗai a fage, kuma bakin gwamnati ce. Taron ƙasa na 1991 ya buɗe ƙofa, amma sai a 2000 telebijin mai zaman kanta ta farko, Ténéré, ta fara aiki. A 2008 hukumar sadarwa ta CSC ta dakatar da Dounia wata guda. A ƙarshen Yuni na 2009, ana tsakiyar rikicin tazarce, aka sake rufe ta. Ba ƙarancin 'yan kallo ya jawo mata ba, yawansu ne abin tsoro.

Shi kuwa mutumin Bande, ko na Magarya da Dungas, wanda kunnensa ɗaya ke Yamai ɗaya ke Kano, babu na'urar da ke ƙirga shi. Ana yanke shawara a kan abin da zai ji ba tare da an tambaye shi ba.

Duk da haka murya takan dawo. Kotu ce ta sa aka buɗe Dounia a 2009. A watan Satumba na 2025 tashar ABC ta dakatar da Jimmy Kimmel, jama'a suka yi ca, wasu suka janye kuɗinsu daga Disney, kafin mako ya cika aka maido shi. Ke nan abu biyu ke kare mai faɗin gaskiya: alƙali marar tsoro, da 'yan kallon da ba su yin shiru. Na farko aikin doka ne. Na biyun yana hannun jama'ar da ke zaune a nan.

Allah ya sa a tashi lafiya.