Imanin Janar a Ranar Nasara



Janar Yakubu Gowon Kirista ne mai riƙon addini, ɗan mai wa'azin bishara, a Wusasa ya tashi. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, ya gindaya wa sojojinsa ƙa'idoji: kada a taɓa mata da yara, kada a wulaƙanta fursunan yaƙi. Duk da haka yunwa ta hallaka ɗimbin yara a Biyafara, wannan ba ya ɓoyuwa. Amma da aka ajiye makamai a Janairun 1970, ya hana ramuwar gayya, ya yi afuwa.

A ganina, nan ake auna imanin mai iko: ranar da abokin gaba ya faɗo hannunsa. Mu da Allah ya ba muƙamai yau, mu riƙe wannan.