Zazzaɓin Cizon Sauro da Matafiya Ke Shiga da Shi Aljeriya

A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa Aljeriya ta rabu da zazzaɓin cizon sauro, shaidar da ba a ba wa ƙasa sai ta yi shekara uku a jere sauronta bai harbi kowa da cutar ba. Sai dai hanyar da ta taso daga Agadas ta bi Arlit da Assamaka ta ɓulla Tamanrasset ba ta rabuwa da fatake da masu dawowa daga ganin gida, kuma a jininsu cutar ke ƙetaro iyaka.

Wanda ya fi shiga haɗari shi ne wanda ya daɗe a ƙetare sannan ya je ganin gida, domin juriyar da jiki ke samu saboda yawan cizo tun ƙuruciya takan dusashe idan cizon ya yanke, mai ita kuwa bai sani ba, yana ganin zazzaɓin da ya saba ne. Ƙwayar falsifarum, wadda ita ce ta fi yawa a Nijar da Najeriya kuma ta fi kisa, takan bayyana daga mako ɗaya zuwa kusan wata guda bayan cizon, lokacin da matafiyi ya riga ya manta da tafiyar. Likitan da ba kasafai yake ganin cutar ba yana iya ɗaukarta mura, saboda haka wajibi ne majinyaci ya faɗi inda ya je da ranar da ya dawo, ko ba a tambaye shi ba.

Gwajin gaggawa na ɗigon jinin yatsa yana ba da sakamako cikin minti 20, madubin likita kuma yana nuna nau'in ƙwayar da yawanta. Idan ba a ga komai ba alhali zazzaɓi bai sauka ba, sai a maimaita. Maganin shi ne haɗin atemisinin irin su Coartem, sha shida cikin kwana uku tare da madara ko abinci mai maiƙo, domin kulorokwin ya daina cin falsifarum. Suma, jijjiga, shawara ko fitsari mai launin baƙin shayi alamu ne na tsanani, waɗanda ke buƙatar kwanciya asibiti da allurar atesunet nan take.

Sauron Anofilis kuwa yana nan a dausayoyin hamada, kuma cizon majinyacin da bai ƙarasa magani ba ya ishe shi kai cutar gidan maƙwabci.