Ɗaukar Hoton Wasanni da Dare a Ƙarƙashin Fitilun Fili

Batun da za a tattauna a yau ya shafi masu ɗaukar hoto, musamman waɗanda ke yi wa jaridu da ƙungiyoyin wasanni aiki, da kuma samarin da suka sayi kyamara suna neman abinci da ita. Sanin kowa ne da yawa daga manyan wasannin ƙwallon ƙafa da dare ake yin su, a ƙarƙashin fitilu. Alal misali, wasan ƙarshe na gasar cin kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17, wanda aka yi a Abuja ran 15 ga Nuwamba, 2009, da dare aka buga shi. Ƙwallo ɗaya tak aka ci, Suwizalan ce ta ci Nijeriya. Mai hoton da ya kuskure wannan ƙwallo, ko ya ɗauke ta a dagule, ba shi da abin kai wa edita, alƙalin wasa kuwa ba zai sa a maimaita dominsa ba.

Tushen wahalar shi ne idon ɗan Adam yana ruɗinsa. In mutum ya shiga fili ya ga fitilu sun haske ko'ina, sai ya ce ai kamar rana. Alhali kuwa in an auna da ma'aunin haske da ake kira luks, rana tsaka takan kai 100,000, fili mai kyawawan fitilu kuwa yana tsakanin 1,000 da 2,000 ne kawai. Ƙananan filaye na makarantu da na unguwa ba su ko kusa da haka. Ido yana sabawa da ƙarancin haske nan da nan, amma kyamara ba ta sabawa, sai an gaya mata abin da za ta yi.

Abubuwa uku ne ke hannun mai hoto. Akwai saurin ƙiftawar kyamara, watau tsawon lokacin da take buɗe ido haske ya shiga. Akwai faɗin tagar da ke cikin gilashinta, wadda ake nunawa da harafin f da lamba. Akwai kuma lambar ISO, watau gwargwadon yadda kyamara ke jin haske. Da rana ana samun yadda ake so a dukkan ukun. Da dare tilas a sadaukar da wani domin wani, kuma a nan ne galibin masu koyo ke yin kuskure, domin sukan sadaukar da saurin ƙiftawa, wanda shi ne bai kamata a taɓa ba.

Lissafi kaɗan zai bayyana dalili. Ƙwallon da aka buga da ƙarfi, mai gudun kilomita 100 a awa, tana cin kusan mita 28 a sakan guda. In kyamara ta buɗe ido na 1/60 na sakan, kafin ta rufe ƙwallon ta yi tafiyar kusan rabin mita, sai ta fito a hoto kamar an ja farin alli. In kuwa an sa 1/1000, tafiyar ba ta kai santimita 3 ba, ƙwallon za ta fito a dunƙule. Haka ɗan wasa mai gudun mita 8 a sakan: a 1/125 ya gusa fiye da santimita 6, abin da ya isa ya shafe masa ido da hanci, a 1/1000 kuwa milimita 8 kacal. Saboda haka abin da ake so shi ne 1/1000. In haske ya yi ƙaranci ƙwarai a sauko zuwa 1/640 ko 1/500, amma daga nan kada a ƙara sauka, sai fa in hoton koci ake ɗauka yana zaune a benci.

Tagar gilashi kuwa a buɗe ta iyakar buɗuwarta. Ƙaramar lamba ita ce babbar taga. Gilashin da ke buɗewa har f/2.8 yana shigar da haske ninki huɗu na wanda ya tsaya a f/5.6, shi ya sa yake da tsada da nauyi. Wanda ba shi da halin sayensa kada ya karai. Ƙaramin gilashi na milimita 50 ko 85 mai f/1.8 ya fi araha nesa ba kusa ba, kuma ya fi shan haske. Aibinsa dai ba ya jawo abin da ke nesa, sai mai shi ya zauna bayan raga ya yi haƙuri har wasa ya zo gabansa.

Saura ISO, kuma ita ce za ta ɗauki nauyin da sauran biyun suka bari. A fili mai kyawawan fitilu, da 1/1000 da f/2.8, ISO 1600 ko 3200 takan wadatar. A ƙaramin fili sai an kai 6400 ko fiye. Masu koyo suna tsoron waɗannan lambobi, domin in ISO ta hau hoto yakan yi yashi-yashi. Wannan tsoro ba shi da wuri a nan. Hoto mai yashi wanda fuskar ɗan wasa ta fito sarai, jarida za ta buga shi, kuma in ya hau takarda ko fuskar waya da wuya mai karatu ya lura. Akwai ma manhajojin kwamfuta da ke rage yashin. Amma hoton da motsi ya dagula ba shi da magani. Magabata a wannan sana'a sun san haka tun zamanin fim. Abin da suka fi riƙewa shi ne fim ɗin Kodak Tri-X mai lamba 400. In dare ya yi sai su ɗauka kamar mai 1600 ne, sa'an nan a ɗakin duhu su ƙara masa lokaci a cikin ruwan wanki. Hotunan sukan fito da yashi, amma da su aka cika shafukan wasanni shekara da shekaru.

Bayan an zaɓi lambobin, ya kamata a kulle su da hannu, watau a sa kyamara a kan harafin M. In an bar ta ta zaɓa da kanta, baƙin sararin sama zai ruɗe ta ta ƙara haske har farar riga ta ƙone, ko allon talla mai walƙiya ya ruɗe ta ta rage har fuska ta ɓace. Wannan magana ta fuska tana da muhimmanci ƙwarai a ƙasar nan. 'Yan wasanmu baƙaƙen fata ne, sau da yawa cikin fararen riguna, fitilu kuma daga sama suke, suna jefa inuwa ƙarƙashin gira. Dabara ita ce a isa fili da wuri, a gwada a kan 'yan wasa suna motsa jiki, a yi ta gyara har fuska ta fito ba tare da lambar riga ta ɓace ba. A kuma lura tsakiyar fili ya fi kusurwoyi haske.

Akwai wata matsala da kan sa mutum ya zaci kyamararsa ta lalace. Zai ɗauki hotuna biyar a jere, ya ga ɗaya ya yi haske, ɗaya duhu, wani kore-kore, wani ja-ja. Laifin na fitilu ne. Wutar lantarkin Nijeriya tana juyawa sau 50 a sakan, saboda haka tsofaffin fitilun fili suna ƙaruwa suna dusashewa sau 100 a sakan. Ido ba ya gani, amma kyamara mai ƙiftawa a 1/1000 tana kama kashi ɗaya ne cikin goma na kowane zagaye, wani lokaci ƙololuwarsa, wani lokaci ƙasansa. A shekarar 2014 kamfanin Canon ya fito da kyamarar EOS 7D Mark II mai gane wannan rawar haske, tana jinkirta ƙiftawa kaɗan har ta dace da ƙololuwa, sauran kamfanoni kuma suka bi. Wanda tasa ke da wannan saiti ya kunna shi. Wanda ba shi da shi ya ɗauki hotuna da yawa a jere ya zaɓa, ya kuma adana su a tsarin RAW, domin shi ne ke ba da damar gyara launi daga baya. Sababbin fitilun LED masu kyau sun rage wannan wahala.

Filasha kuwa a bar ta a jaka. Haskenta yana raguwa ninki huɗu duk sa'ad da nisa ya ninka biyu, ba za ta kai tsakiyar fili ba. In ɗan wasa ya matso kusa kuma tana iya kashe masa ido, shi ya sa ake hana ta a manyan wasanni. Lokacin hunturu ma ɓarna take yi, domin ƙurar da ke iska ce za ta haska. Hazon yakan sa hasken fitilun fili ya bazu, hoto ya yi fari-fari. Maganinsa a ɗaura wa gilashi hularsa, a kuma zaɓi wurin zama inda fitila ba ta kallon kyamara kai tsaye.

Game da saitin gani, a sa kyamara a kan wanda ke bin abu mai motsi, wanda Nikon da Sony ke rubutawa AF-C, Canon kuwa Servo. A ɗora alamar a ƙirjin ɗan wasa, inda lamba da launin riga ke ba kyamara abin kamawa. Babban gilashi yana gajiyar da hannu kafin minti 90 su cika, sai a ɗora shi a kan sanda mai ƙafa ɗaya, wadda ta fi mai ƙafa uku saurin juyawa. A tafi da batir biyu da katin ajiya na biyu, a canza su lokacin hutun rabin lokaci ko da na farko ba su ƙare ba.