Likita Ba Ya Gama Karatu

Jawabin da aka yi wa taron 'yan Jihar Bauchi mazauna Ikko



Ni ba likita ba ne, ma'aikacin jarida ne. Amma kamar kowa a nan, ina aika kuɗin magani gida, kuma na sha karɓar saƙon da ke cewa an kai wance asibiti, an ba ta magani, ga shi har yanzu ba sauƙi. Saboda haka zan yi magana a kan abin da ba mu cika tambaya ba, watau ilmin da ke kan mai duba majiyyacin: na yaushe ne?

Cututtuka uku ne suka sa wannan tambaya ta zama wajibi: ciwon zuciya da hawan jini, da cututtukan da ke tasowa in sinadaran da jiki ke sarrafawa suka rikice, kamar ciwon sukari da maƙoƙo, sai kuma ciwon daji. Ba irin zazzaɓi ba ne da za a sha magani kwana uku a miƙe. Suna shiga a ɓoye, su daɗe, su cinye dukiya, kuma sanin da ake da shi a kansu yana sakewa shekara bayan shekara.

Bari in fara da abin da ya shafi ɗakunanmu. A shekarun 1970 wasu likitoci biyu a Zariya, Davidson da Parry, suka yi rubutu a kan ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, mace ta kumbura, numfashi ya gagara. Suka danganta yawansa a ƙasar Hausa da wankan jego, da kwanciya bisa gado mai wuta, da shan kunun kanwa. Haka aka koyar da ɗalibai shekaru da dama. To, a 2020 aka buga wani babban bincike wanda Farfesa Kamilu Karaye na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya jagoranta, a kan mata fiye da 400 daga asibitoci 22 na Nijeriya. Abin da ya fito fili shi ne rashin ilmin boko, da rashin sana'a, da rama, da hawan jini lokacin goyon ciki sun fi al'adun jego alaƙa da ciwon. Wannan bai wanke kanwa ba, domin gishiri da kanwa suna ƙara wa zuciya mai rauni nauyi. Amma likitan da ya tsaya a kan karatun da zai hana mai jego kunu ya sallame ta, alhali kuwa wanda ya bi sabon ilmi zai duba abincinta, ya auna jininta tun tana da ciki, ya tura ta hoton zuciya da wuri.

Haka yake ga hawan jini. A 2019 aka fitar da sakamakon wani gwaji da aka yi a ƙasashe 6 na Afirka a ƙarƙashin Dakta Dike Ojji na Jami'ar Abuja. An gwada haɗin magunguna iri uku, aka tarar haɗin da ke da maganin amlodifin ya fi saukar da jinin baƙar fata. Magani ne da ake samu a kantunan Bauchi. Abin da ya rage kawai labarin ya kai ga mai riƙe da alƙalami.

Game da ciwon sukari kuwa, ma'aunin kansa ya sake. Da, sai sukarin jinin wanda bai karya kumallo ba ya kai 140 ake cewa yana da ciwon. A 1999 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauko da shi zuwa 126. Ashe mutumin da ke da 130, tsohon littafi ya ce lafiyarsa lau, sabo kuwa ya ce a fara kula da shi kafin ido ko ƙoda ko ƙafa ta taɓu.

Ciwon daji ma haka. Yau an san ƙullutun mama ba iri ɗaya ba ne, sai an yanki ɗan tsoka an auna kafin a zaɓi magani. An kuma san ƙwayar cuta ce ke haddasa sankarar bakin mahaifa, har Gwamnatin Tarayya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafinta a watan Oktoba na 2023. Malamin asibitin da bai fahimci wannan ba, ina zai iya amsa tambayar uban da jita-jita ta razana?

Jama'a, ba a zaune ake ba. Akwai Kwalejin Likitoci ta Afirka ta Yamma tun 1976, da Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa tun 1979, wadda ke nan Ijanikin kusa da mu. Majalisar Likitoci ta Nijeriya ta wajabta wa likita ya tara maki 20 na ƙarin ilmi kowace shekara kafin ya sabunta lasinsa. A gida kuma, a 2010 aka mayar da tsohon Asibitin Ƙwararru na Bauchi ya zama Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa, inda ake horar da likitoci.

Sai dai Jihar Bauchi ƙananan hukumomi 20 ce. Mai ciwo a Ningi ko Alƙaleri ko Dass ba babban likitan zuciya yake fara gani ba. Ungozoma ce, ko nas, ko malamin ɗakin shan magani, ko likita guda ɗaya da layi ya cika masa ƙofa tun asuba. Shi ne zai gane ciwon ko ya kuskure shi, kuma shi ne ba ya samun wanda zai riƙe masa aiki ya tafi kwas. Wata gwaggona ta yi wata huɗu tana shan maganin asma, ashe zuciya ce ta kumbura. Ban zargi wanda ya duba ta da mugunta ba. Abin da ya sani ya yi.

To, me ya rage gare mu? Na farko, ƙungiyoyinmu sun saba sayen gadaje da shafa wa asibiti fenti, wannan kuwa alheri ne. Amma mu ware wani kaso domin kuɗin mota da masauki na ma'aikatan karkara su zo Bauchi su zauna da ƙwararru, ko ƙwararrun su bi su can. Na biyu, 'ya'yanmu da ke aikin likita a Ikko da Badun da ƙasashen waje, in sun je hutu, mu roƙe su su ba abokan aikinsu na gida yini guda. Na uku, in wakilanmu sun zo neman goyon baya, mu tambaye su nawa aka ware domin horar da ma'aikatan lafiya, ba gini kaɗai ba. Na huɗu, in mun aika kuɗin magani, mu ce a tambayi sunan ciwon, a rubuta awon jini da na sukari a littafi guda, in ba sauƙi kuma a nemi takardar zuwa babban asibiti ba tare da jin kunya ba. Likitan kirki ba ya jin haushin tambaya.

Kuɗin da muke aikawa guminmu ne, waɗanda ake dubawa kuwa iyayenmu ne da matanmu. Haƙƙinsu ne a duba su da ilmin yau.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya mayar da mu gida lafiya.