MANHAJAR MAKARANTA: TUSHENTA DA GINSHIƘANTA



Kowace safiya miliyoyin yara sukan rataya jakunkunansu su nufi makaranta, tun daga Sakkwato har Kalaba. Iyaye sun san abin da suke kashewa wajen littattafai da tufafin makaranta, amma kaɗan ne suka taɓa tambayar wanda ya yanke shawarar abin da za a koya wa yaran nan, da kuma dalilin da ya sa aka zaɓe shi. Amsar wannan tambaya tana cikin abin da ake kira manhaja, kuma a kanta ne wannan jawabi zai tsaya.

MECE CE MANHAJA?

Manhaja ita ce dukkan abin da makaranta ta shirya domin yaro ya koya, tun daga ranar da aka rubuta sunansa a rajista har ranar da ya karɓi takardar shaida. Ta ƙunshi darussan cikin aji, da aikin gonar makaranta, da wasannin motsa jiki, har da ladabin da ake koya masa a wurin taron safe. Littafi da jadawalin darussa rassanta ne kurum.

Tsara karatu ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. A makarantar allo yaro yakan fara da babbaƙu, ya wuce farfaru, ya yi ta wanke allo har ya sauke Alƙur'ani, sa'an nan ya shiga littattafai irin su Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala. Maƙeri ma ba ya miƙa wa yaronsa guduma ranar farko, sai ya daɗe a kan zugazugi tukuna. Dukkansu sun san inda suka dosa, sun kuma san abin da ya kamata ya riga wani. Wannan shi ne asalin manhaja.

DUWATSUN MURHU UKU

Kamar yadda tukunya ba ta zama sai bisa duwatsu uku, haka manhaja take da tushe uku.

Na farko shi ne al'umma da bukatunta. A zamanin Turawa an fi shirya karatun boko domin samar da akawu da tafinta da malaman ofis, yaro ya san kogunan Ingila alhali bai san inda Binuwai ta haɗu da Neja ba. Don gyara wannan ne aka kira babban taron manhaja na ƙasa a Legas cikin watan Satumba na 1969, ana tsakiyar yaƙin basasa. Ba masana kaɗai aka gayyata ba, har da iyaye da 'yan kasuwa da ma'aikata da shugabannin addini. A 1973 wani taron ƙwararru a ƙarƙashin Cif Simeon Adebo ya tace shawarwarin, daga nan aka fito da Manufar Ilmi ta Ƙasa a 1977. Manufar ta ɗora ilmi a kan buri biyar: ƙasa mai 'yanci da mulkin dimokuraɗiyya, mai adalci da daidaito, mai haɗin kai da ƙarfi da dogaro da kai, mai bunƙasar arziki, wadda kuma kowane ɗan ƙasa zai sami dama a cikinta.

Na biyu shi ne yaron kansa, watau shekarunsa, da harshensa, da yadda hankalinsa yake girma. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma wanda ya tanƙwara da ƙarfi yakan karya. Ɗan shekara 6 yakan gane lissafi da tsakuwa da kara kafin ya gane shi a kan allo. A 1970 aka fara wani gwaji a Ile-Ife, bisa jagorancin Farfesa Babs Fafunwa, inda aka koyar da yara da Yarabanci dukan shekaru 6 na furamare, Turanci kuwa ya zama darasi guda. Yaran ba su gaza takwarorinsu ba, har a Turancin ma. Manufar 1977 ita ma ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ya fi yaɗuwa a yankinsa.

Na uku shi ne ilmin kansa. Kowane fanni yana da matakala. Ba a koyon rabawa kafin a iya tarawa da ɗebewa. Har ila yau ilmi ba ya tsayawa wuri guda, shi ya sa darasin kwamfuta, wanda furamaren da ba ta san shi ba, ya sami gurbi daga baya.

GINSHIƘAI HUƊU

A 1949 wani masani Ba'amurke, Ralph Tyler, ya taƙaita aikin mai tsara manhaja cikin tambayoyi huɗu, waɗanda har yanzu ake amfani da su.

Na ɗaya, manufa: me ake so yaro ya iya in ya gama? Dole amsar ta fito fili yadda za a iya aunawa. Alal misali, a ce ɗan aji uku ya iya karanta gajeriyar wasiƙa ya kuma ba da amsarta. Manufa tagari tana duban ƙwaƙwalwa da zuciya da hannu, watau sani da hali da iyawa.

Na biyu, abin da za a koyar. Lokacin makaranta ƙayyadadde ne, saboda haka kowane darasi da aka shigar, wani aka tsame. Jakin da aka labta wa kaya fiye da kima ba ya kai kasuwa.

Na uku, hanyar koyarwa da jerin darussa: daga mai sauƙi zuwa mai wuya, daga abin da yaro ya sani zuwa wanda bai sani ba, daga unguwarsu zuwa jiharsu, sa'an nan ƙasa da duniya.

Na huɗu, awo. Ta yaya za a tabbatar an cim ma manufa? Manufar 1977 ta kawo auna ɗalibi a kai a kai cikin shekara, don kada jarrabawar kwana ɗaya ta yanke wa yaro hukuncin rayuwarsa duka.

DARASI DAGA TSARIN 6-3-3-4

Ginshiƙan nan ba sa tsayawa sai tare, kuma tarihin ƙasar nan ya nuna haka. A 1982 aka fara aiki da tsarin 6-3-3-4 a makarantun sakandare. Niyyar kyakkyawa ce: yaron da ya gama ƙaramar sakandare ya fita da sana'ar hannu, ko kafinta, ko aikin ƙarfe, ko gyaran lantarki. Gwamnati ta sayo injuna daga ƙasashen waje. Amma a makarantu da yawa injunan nan sun yi shekaru cikin akwatunansu, don babu ɗakin aiki, babu wutar lantarki, babu malamin da ya san su. Sai aka koma koyar da zarto da alli a kan allo, jarrabawa kuma ta tambayi sunan zarto maimakon yankan katako. Manufa ta nufi gabas, hanya da awo suka nufi yamma.

Haka kuma lokacin da aka buɗe shirin ilmin furamare kyauta a 1976, yaran da suka zo sun zarce ƙiyasi, malamai suka yi ƙaranci. A shekarar ne aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna. Komai kyawun manhaja a takarda, ba ta wuce iyawar malamin da zai shiga aji da ita.

HAKKIN KOWA

Tun 1988 hukumar bincike da bunƙasa ilmi ta ƙasa, watau NERDC, ita ke tsara manhajar furamare da sakandare. Bayan ƙaddamar da shirin ilmin bai ɗaya a Sakkwato a 1999, da dokarsa ta 2004, ita ce ta haɗa shekaru 6 na furamare da 3 na ƙaramar sakandare cikin manhaja guda. Duk da haka hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ya kamata uba ya buɗe littafin ɗansa ya ga abin da aka koya masa. Ya kamata uwa ta gwada 'yarta da lissafin cefane. A taron iyaye da malamai kuwa, a riƙa tambayar shugaban makaranta ko akwai malami ga kowane darasi, ko kayan aiki sun fito daga akwati, ko kuma yara suna iya yin abin da suka haddace.

Yaron da ya shiga aji ɗaya bana, nan da shekara 20 shi ne malamin asibiti, shi ne manomi, shi ne alƙali. Abin da aka shuka a manhaja, shi ƙasa za ta girba.

Allah ya yi wa yaran ƙasar nan albarka, ya taimaki Nijeriya. Amin.