Daga raƙuman Ɗantata zuwa motocin Ɗangote: jawabi ga mutanen bakin iyaka

 

Najeriya ta rufe iyakarta ta ƙasa a watan Agusta na 2019, kuma ta yi fiye da wata 15 a rufe. Ba sai na gaya muku abin da wannan ya jawo ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mutumin Ɗan Isa ya sani, na Birnin Ƙwanni ya sani, na Magarya da Matamaye sun sani. Amma a watan Nuwamba na 2020 wani labari ya fito wanda ya kamata mu tsaya a kansa. An bayyana cewa gwamnatin Najeriya ta ba kamfanin simintin Ɗangote izini na musamman ya riƙa fitar da siminti ta iyakar ƙasa zuwa Nijar da Togo, an kuma ba kamfanin BUA irin wannan izini. Wato ƙofar da aka garƙame wa mai buhu biyu na wake, an buɗe ta ga mai tirela ɗari.

Ban zo nan don zagin kowa ba. Alhaji Aliko Ɗangote Bahaushe ne ɗan uwanmu, kuma ya yi abin da ba kowa ya yi ba. Abin da nake so shi ne mu bi tarihin gidansu daga tushe, mu ga yadda fatauci ya zama masana'anta, mu ga hannun hukuma a ciki, sannan mu juyo mu dubi namu gida kafin ranar zaɓe.

Tushen gidan shi ne Alhaji Alhasan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji ta ƙasar Kano a 1877. Ba'agale ne, kuma masana tarihin fatauci suna danganta asalin Agalawa da nan arewa, wajen ƙasar Azbin, daga can suka gangara Katsina da Kano. Saboda haka wannan labari bai yi mana nisa ba. Mahaifinsa ya rasu yana yaro. Ya tashi cikin fataucin goro zuwa Gwanja, hanyar da kakanninmu suka taka da jakai wata da watanni. Dabararsa ta farko ita ce ya lura jirgin ruwa ya fi jaki sauri. Sai ya riƙa ɗora goro a jirgi daga gaɓar ƙasar da yau ake kira Gana zuwa Ikko, yana riga ayari isa kasuwa.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano wajen 1912, gyaɗa ta zama kuɗi. Kamfanonin Turawa suna son gyaɗa amma ba su san ƙauye ba, ba su jin Hausa. Ɗantata ya zama babban mai saya wa kamfanin Niger Company, wanda daga baya ya zama UAC. Yana ba yaransa jari, su bazu ƙauyuka su sayo, shi ya tara. Dalar gyaɗar Kano da kuke gani a hoto, da sunansa ake tunawa da ita. Ana ba da labarin cewa da aka buɗe bankin Turawa a Kano a 1929, kuɗin azurfa kayan raƙumi 20 ya kai ajiya. Da ya rasu a 1955, ana ƙidaya shi cikin waɗanda suka fi kowa arziki a Afirka ta Yamma.

Ga abin lura na farko. Dukiyar ba ta watse da rasuwarsa ba. Ƴaƴansa, irin su Alhaji Sanusi da Alhaji Aminu, sun ci gaba da kasuwanci da sunan gidan, suka shiga gine-gine da sufuri da sauran harkoki. Mu nawa ne a nan muka san babban alhaji wanda shekara biyar bayan rasuwarsa motocinsa sun zama kwanta, shagunansa an raba an sayar?

Aliko jikan Alhaji Sanusi ne ta wajen uwa, Hajiya Mariya. An haife shi a Kano a 1957, mahaifinsa ya rasu yana ɗan shekara takwas, ya tashi a hannun kakansa. Ya yi karatu a Alƙahira. A 1977 ya fara kasuwanci da bashin da ya karɓa a cikin dangi, ya koma Ikko kusa da tashar jirgin ruwa. Shekara ashirin abin da yake yi shi ne abin da alhazanmu na Maraɗi suka iya: shigo da shinkafa, sukari, siminti, gishiri, a sayar a juya. Har zuwa nan babu bambanci tsakaninsa da manyan ƴan kasuwarmu sai yawan jari.

Bambancin ya zo ne a ƙarshen shekarun 1990, da ya yanke shawarar ya riƙa yin kayan da yake sayarwa. Ya gina matatar sukari a Apapa, ya shiga niƙan fulawa da taliya da gishiri. A shekarar 2000, da gwamnati ke sayar da kamfanoninta, ya sayi kamfanin simintin Binuwai da ke Gboko. Bayan nan ya sayi gonar rake da kamfanin sukari na Savannah a Numan. A 2007 aka buɗe masana'antar siminti ta Obajana a jihar Kogi, wadda ta fi kowace girma a Afirka kudu da Sahara, a 2012 kuma ta Ibese a jihar Ogun. A 2020 kamfanin simintin yana aiki a ƙasashe 10 na Afirka, ciki har da Kamaru, Gana, Senegal, Habasha da Zambiya, kuma yana iya yin fiye da tan miliyan 45 a shekara. A Lekki kusa da Ikko an gina masana'antar takin zamani da matatar mai mai ganga 650,000 a rana. Ku kwatanta da matatar SORAZ ta Damagaram, mai ganga 20,000. Har yanzu kuma gidan na dangi ne, ƴaƴansa mata suna cikin masu tafiyar da shi, ƙanensa Alhaji Sani ma yana ciki har rasuwarsa a 2021.

To, ya aka yi haka ta faru? Ruwa ba ya tsami banza. A 2002, zamanin shugaba Obasanjo, gwamnatin Najeriya ta kafa doka cewa ba za a ba kowa lasisin shigo da siminti ba sai wanda ya nuna yana gina masana'anta a cikin ƙasa. Aka haɗa da sassaucin haraji na wasu shekaru ga sababbin masana'antu. Mai jari ya ga in ya zuba kuɗinsa a dutse da injin, ba za a bari jirgi ya zo daga waje ya karya shi ba. Ƙasar da a da take cikin manyan masu sayen siminti a duniya ta koma tana sayarwa. Ba Ɗangote kaɗai ya ci moriya ba. Gidan marigayi Isyaku Rabi'u na Kano, wato BUA, ya bi hanya ɗaya, ga masana'antarsu nan a Kalambaina ta Sakkwato, kusa da mu.

Gaskiya kuma sai an faɗe ta duka. Wannan kariya tana da tsada, kuma talaka ne ya biya. Kamfani uku ne suka riƙe kasuwar simintin Najeriya, Ɗangote shi kaɗai ya fi rabi. Inda masu sayarwa uku ne, mai saye ba ya da bakin ciniki, shi ya sa ƴan uwanmu na can suke kukan farashin buhu duk da cewa a ƙasarsu ake yin sa. Kuma ba duk abin da gidan ya taɓa ne ya yi albarka ba. Masana'antar tumatir ta Kadawa a Kano, da aka buɗe a 2016, ta sha tsayawa saboda rashin isasshen tumatir daga gona. Injin ba ya aiki in manomi bai samu iri da ruwa da farashi mai kyau ba. Kamfanin fulawa ma an sayar da shi, an sake sayo shi, an kuma sayar a 2019.

Yanzu mu dawo gida. Mu ma mun yi zamanin gyaɗa. Dattawan da ke zaune a nan sun tuna SONARA, da aka kafa a 1962 don cinikin gyaɗa. Sun tuna matatar man gyaɗa ta SICONIGER a Maraɗi da ta SEPANI a Magarya, da majemar SONITAN, da SOTRAMIL mai sarrafa hatsi a Damagaram. Farin 1973 da 1974 ya karya gyaɗa, kamar yadda ya karya ta a Kano. Amma mutanen Kano sun juya jarinsu zuwa masana'anta. Mu namu jarin ya koma kan kayan wucewa: a sauke a Kwatano, a kawo Maraɗi, a tsallaka da shi. Ba laifin alhazanmu ba ne, ɗan kasuwa inda riba take can yake zuwa. Wa zai gina masana'anta inda wutar lantarki ke zuwa daga maƙwabta tana ɗaukewa, inda banki ba ya ba da bashi mai dogon zango, inda doka ke canzawa da canjin minista?

Sakamakon shi ne abin da muke gani. Wakenmu yana tafiya a buhu. Albasar Galmi tana tafiya a buhu, wadda ba ta samu mota ba ta ruɓe. Ayar Maraɗi da riɗi haka. Shanu da tumaki suna tafiya da ƙafafunsu, fata tana tafiya ɗanya zuwa majemun Kano, daga can a kai Turai ta zama takalmi. Mu kuma mu sayo siminti, sukari, taliya, gishiri. Ranar da aka rufe iyaka, mai masana'anta ya samu wanda zai saurare shi a Abuja. Mai buhu biyu kuwa sai hanyar daji da babur, da abin da ake karɓa a kowane shinge.

Muna da dutsen siminti. Malbaza tana yin siminti tun shekarun 1960. A 2018 an yi biki a Keita ta jihar Tawa, an aza harsashin masana'antar simintin Ɗangote. Muna maraba da duk mai son zuba jari a ƙasarmu. Amma mutanen Keita da mu duka muna da haƙƙin a gaya mana inda aikin ya kwana, da abin da aka rattaba wa hannu da sunanmu: harajin shekara nawa aka yafe, ƴan ƙasa nawa za a ɗauka aiki, masu gonakin da za a karɓa nawa za a biya su. Haka batun layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, wanda gwamnatin Najeriya ta amince da kwangilarsa a watan Satumba na 2020. Ku tuna abin da jirgi ya yi wa Kano a 1912. Ya arzurta wanda ya shirya masa kaya. In jirgin nan ya iso Maraɗi ya tarar ba mu da abin lodi sai ɗanyen kaya, to zai zo a cike ya koma da arha, kuma direbobinmu ne za su fara ji a jikinsu.

Saboda haka, duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'arku, na shugaban ƙasa ne ko na majalisa, har da namu, kada ku bar shi ya tafi da kiɗa da rabon atamfa kawai. Ku tambaye shi abu huɗu.

Na ɗaya, wace doka zai kafa a rubuce wadda za ta sa alhajin da ke shigo da kaya ya ga ya fi masa riba ya gina matatar mai, majema ko rumbun ajiyar albasa a nan? Kuma dokar ta zama ta kowa, ba takardar da ake ba mutum ɗaya a ofis da dare ba.

Na biyu, in an kare masana'anta, wa zai kare mai saye? Kariya ta zama mai wa'adi, a bar ƙofa ga na biyu da na uku su shigo, kada mu gina gida ɗaya mu wayi gari shi ke yanka mana farashi.

Na uku, duk yarjejeniyar da aka yi da babban kamfani, na waje ko na gida, zai yarda a karanta ta a majalisa, a fassara ta da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunanmu a rediyo?

Na huɗu, a 2020 mu da Najeriya duka muna cikin CEDEAO, wadda ta yi alkawarin zirga-zirgar mutane da kaya. In aka sake rufe iyaka, me zai yi don ƙaramin ɗan kasuwa ya samu ƙofar da babba ya samu?

Iyayena alhazai, ku ma akwai naku. Gidan Ɗantata ya kai zuriya ta huɗu yana kasuwanci saboda sun rubuta lissafi, sun sa ƴaƴansu maza da mata karatu, sun riƙe jari wuri ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da alhaji ɗaya ba zai iya ginawa ba, goma za su iya in sun amince da juna kuma hukuma ta tsaya musu da gaskiya.

Matasa, ku da kuka fi kowa shan wahalar wannan rufewa, katin zaɓenku na hannunku. Ranar zaɓe ku fito da wuri, ku ɗauko iyayenku mata da tsofaffi, ku jefa ƙuri'a cikin lumana, ku tsaya a ƙirga a gabanku. Wanda ya kasa amsa tambayoyin nan huɗu, kun san abin da za ku yi da shi.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya buɗe mana hanyoyin arziki na halal, ya zaunar da Nijar da maƙwabtanta lafiya.