Farashin Mai da Alƙalamin Gwamnati



A watan Yulin 2024 gwamnatin Nijar ta rage kuɗin litar esansi daga sefa 540 zuwa 499, jama'a suka yi murna, kuma ba laifinsu ba ne, don aljihu ya ji jiki. Amma da watan Maris na 2025 ya kama, mutanen Yamai sun ga ɗaya gefen. Layin motoci ya miƙe a gidajen mai, mai taksi ya kashe inji yana tura motarsa da hannu, ɗan kabu-kabu ya wuni a rana bai ɗauki kowa ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Matatar SORAZ ta Damagaram ba ta iya ƙosar da ƙasa, man da ƴan ruwa-ruwa ke shigowa da shi daga Najeriya kuma ya ja baya tun da aka janye tallafi can a 2023. Buƙata ta ƙaru, farashi na ɗaure, kuma duk da haka kamfanin gwamnati guda, SONIDEP, shi ke riƙe da ragamar samar da mai. In ya yi tuntuɓe, kowa ya faɗi.

Abin da ya fi damuna shi ne, tun juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 babu majalisar da jama'a suka zaɓa wadda za ta tsayar da minista ta ce ya kawo lissafi. Sa hannu guda ya isa.

Kiranmu ga mahukunta: a buɗe wa ƴan kasuwa ƙofar shigo da mai su yi gasa, kuma duk dokar da za ta taɓa abincin talaka a baje ta a fili kafin a sa mata hannu.